Saƙar Kwarashi a Ƙasar Makarfi: Makarantar da Ba Ta da Rajista



Sa'ad da aka tambaye ni abin da zan yi magana a kansa, na ce saƙar kwarashi, sai na ga wanda ya kawo mini takardar gayyata ya yi jim, kamar yana jira in ce wasa na ke yi. Ban ga laifinsa ba. A wannan zaure an saba jin lacca a kan tsarin mulki, da tattalin arziki, da tarihin sarakuna, ga shi kuwa ni na zo da wata 'yar ƙugiya wadda ba ta fi tsawon fensir ba, da dunƙulen zare. Amma ina roƙo ku yi haƙuri da ni. Abin da na ke so in nuna shi ne, a Makarfi da Ikara da Kudan da ƙauyukansu akwai wata babbar makaranta wadda ba ta da gini, ba ta da rajista, ba ta kuma taɓa cin ko kwabo daga baitulmali ba, amma ta daɗe tana yaye ɗalibai. Mu kuwa 'yan boko, duk ran da muka tashi taimakon mata da sana'a, abu na farko da mu ke yi shi ne mu manta tana nan.

Bari mu fara rarrabe abubuwa, domin kalmar saƙa a Hausa faɗi gare ta. Akwai saƙar maza ta masaƙa da ƙoshiya, mai fitar da ƙyalle siriri a ɗinke ya zama fari ko saƙi. Akwai saƙar mata ta tsaye, wadda ke ba da gwado da majanyi. Akwai saƙar faifai da tabarma. Sa'an nan akwai baƙi biyu da suka zo daga baya, watau saƙar tsinke biyu da saƙar kwarashi. Mutane da yawa, musamman maza, su kan ɗauka waɗannan biyun abu ɗaya ne, alhali kuwa ba haka ba ne. Mai tsinke biyu tana riƙe da zarge masu yawa jere a kan tsinke, in ɗaya ya kuɓuce sai ya zarce ƙasa ya bar tsani a jikin riga. Mai kwarashi kuwa zarge ɗaya tak ta ke riƙe da shi a ko da yaushe. Da shi ta ke kamo zare ta jawo ta cikin wanda ya gabata. In ta yi kuskure sai ta zare kwarashin ta ja zaren, ya warware har inda kuskuren ya ke, ta ci gaba. Saƙa da warwara da mu ke faɗa a kan mai tunani, a nan ita ce aikin kansa, ba ta kuwa jawo asarar ko taƙi ɗaya na zare. Wannan sauƙin gyara yana cikin dalilan da suka sa yarinya 'yar shekara bakwai ke iya farawa.

Akwai wani bambancin da ya shafi ciniki. Tun shekarar 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila, kuma rigunan sanyin da ke cika kasuwanninmu jikokin wannan inji ne suka saƙa su. Amma har yanzu ba a sami injin da ke yin saƙar kwarashi ta ainihi a masana'anta ba. Duk inda kuka ga tuma-ƙasa a kan kwano, to, hannun mutum ne ya yi ta, ido bayan ido.

To, yaya aka yi baƙuwar sana'a ta sami wurin zama a tsakar gidajenmu har ta zama 'yar gida? Amsar, a ganina, tana ga sana'ar da ta gada. Wannan yanki na arewacin Zazzau, zuwa iyakar ƙasar Kano, ƙasar auduga ce tun kafin zuwan Turawa. Mace a lokacin ba ta zama hannu sake. In ta gama girki sai ta jawo taskira, ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta ɗauki mazari da alli ta kama kaɗi. Zaren da ta kaɗa nata ne, kuɗinsa nata ne, miji ba ya da iko da su. Da su ta ke yin biki, ta zuba adashi, ta tara wa ɗiyarta kayan ɗaki. Wanda ke son ganin yadda wannan rayuwa ta ke, ya nemi labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Karo kuwa ba ta da nisa da ƙasar da mu ke magana a kanta.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya ratsa ta Likoro da Gimi. Kamfanin auduga na Ingila, wanda aka kafa a Manchester a 1902, ya kafa injunan gurza, aka kuma shigo da sabon irin auduga mai suna Allen, aka riƙa kwasar amfanin gona zuwa Turai ana dawo mana da atamfa da akoko. Kaɗi bai mutu nan take ba, ya jima yana fafutuka. Amma da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu masaƙun suka biyo ta, zaren inji ya yi arha har ya zama ba mai iya ciyar da kanta da mazari. A cikin rayuwar mutum guda, sana'ar da kusan kowace mace ta iya ta koma ta 'yan tsofaffi ƙalilan. Hannuwan nan kuwa ba su daina son aiki ba, bukatar kuɗin kai ma ba ta ragu ba. Wasu suka koma ɗinkin hula, wasu ƙuli-ƙuli da abincin sayarwa, a birnin Zariya ma daga baya mata suka shiga ɗinkin babbar riga wanda a da maza kaɗai ke yi. Wasu kuwa suka kama kwarashi, domin ya yi kama da mazari ta fuskoki uku: jarinsa kaɗan ne, ana yin sa a cikin gida ba a keta kulle ba, ana kuma iya ajiye shi a duba tukunya ko a ba yaro mama, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

Ita kanta sana'ar ba tsohuwa ba ce ƙwarai ko a Turai. Sunan daga Faransanci ya fito, ma'anarsa 'yar ƙugiya, mu kuma muka karɓe shi ta bakin Ingilishi muka mai da shi kwarashi. A farkon shekarun 1820 aka fara buga bayanin yadda a ke yin ta a wata mujallar mata ta ƙasar Holan. Abin da ya ɗaukaka ta kuwa yunwa ce. Sa'ad da dankalin ƙasar Ayalan ya lalace daga 1845, mutane suka yi ta mutuwa, sai makarantun coci da wasu matan masu hali suka riƙa koya wa matan ƙauye saƙar leshi da kwarashi, ana kai wa birane a sayar, gidaje da yawa suka rayu da ita, wasu ma da kuɗinta suka biya jirgin ruwa zuwa Amurka. Na kawo wannan ne domin wanda ke ganin abin wasan yara ne ya san cewa ta taɓa tsayawa tsakanin mutane da kabari. Zuwa nan Arewa kuwa ta biyo ta makarantu: na mishan irin na Wusasa, inda suka koma a 1929, da cibiyoyin 'yan mata da gwamnati ta buɗe a Kano da Katsina a 1930, inda ɗinki da saƙa ke cikin manyan darussa, da azuzuwan matan aure na zamanin yaƙi da jahilci, da darasin aikin hannu na firamare.

Amma ku lura da wani abu. 'Yan matan da suka shiga waɗannan makarantu 'yan kaɗan ne ƙwarai, masu saƙar kuwa ba su ƙirguwa. Makaranta ta kawo iri ne kurum, shukar a tsakar gida aka yi ta. Yarinya ɗaya ta koyo a aji, ta dawo hutu, ƙannenta da 'yan maƙwabta suka kewaye ta. Aka yi mata aure daga Hunkuyi zuwa Gubuchi, ko daga Paki zuwa Ikara, ta tafi da kwarashinta cikin kayan ɗaki, kafin shekara kishiya da matan ƙannen miji sun iya. Aure da ke ɗauke mace daga garinsu shi ne ya zama motar da ta yaɗa sana'ar.

Ga yadda darasin ke gudana, kuma ina so ɗaliban koyon malanta su saurara, don akwai hikima a ciki. Ba a fara ba yarinya zare mai tsada. Ragowar zare a ke ba ta, ko a warware mata tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo, kuma da yawa cikin matan da ke zaune a nan za su tuna da tsinken tsintsiya suka fara riƙe zare kafin a yarda a ba su ƙarfe. Sai ta yi ta jan sarƙa, watau jerin zarge ɗaya cikin ɗaya, kwana da kwanaki, a warware ta sake. Yarinya ta kan ƙosa, tana so a kai ta ga hula. Malamar kuwa ta san abin da ta ke nema: hannun hagu ya saba sakin zare daidai wa daida. Ciwon kowane sabon shiga ɗaya ne, matse zare. Tsoron kada ya kuɓuce ya kan sa ta ɗaure shi tamau, har kwarashi ya kasa shiga idon da ta yi da kanta, yatsu su yi ciwo, saƙar ta taurare kamar kirgi. Maganinsa a ba ta kwarashi mai ɗan kauri, kamar mai milimita 4 ko 5, da zare mai kauri mai hasken launi, fari ko ruwan ƙwai, don ta riƙa ganin idanun. Baƙin zare ga mai koyo zalunci ne, balle da dare a gaban fitila.

Ciwo na biyu rashin ƙirga. Ta fara mayafin jariri da ido 60, ta kai tsakiya sai ta ga gefe yana shigewa ciki kamar gatari, domin a ƙarshen kowane layi tana tsallake idon ƙarshe ba ta sani ba. Gwanayen su kan ɗaura ɗan zare na wani launi a idon farko da na ƙarshe, su kuma ƙirga kowane layi kafin su juya. Na uku, sayen zare da kaɗan-kaɗan. Rini ba ya zuwa daidai daga wannan tukunya zuwa waccan, ko a masana'anta. In shuɗin ya ƙare ta aika a ƙaro ran kasuwar Makarfi ta gaba, sai a kawo mata shuɗin da ya ɗan bambanta, ba za ta gani ba sai an shanya rigar a rana. Duk waɗannan dabaru ba a rubuce su ke ba. A gidan suna a ke samun su, inda za ka ga mace ta karɓi jariri tana yi wa uwarsa barka, idonta kuwa yana kan hularsa, ta juya ta ciki ta ƙirga, ta koma gida ta fitar da irinta. Ba a kuwa ɗaukar wannan sata. Mai ita ma, in an tambaye ta, sai ta ce kawo zarenki gobe da hantsi.

A nan zan ɗan dakata a kan tuma-ƙasa, wannan saƙaƙƙen marufi da a ke yafa wa kwanon abincin maigida ko na baƙo, domin akwai lissafi a cikinta wanda ya cancanci wannan zaure. Daga tsakiya a ke fara ta, ana zagayawa. In da gajeren ido a ke yi, zagayen farko ido 6 ne, na biyu 12, na uku 18, na huɗu 24, watau ana ƙara 6 kowane zagaye. In da dogon ido ne, wanda tsawonsa ya kusa ninka na gajeren, sai a fara da 12 a riƙa ƙara 12. Ka tambayi mai yi don me shida, sai ta ce haka aka koya mata, kuma in an saɓa ba ta kwantawa. Ɗalibin lissafi kuwa ya san dalili. Kewayen da'ira ya ninka faɗinta sau uku da 'yar ɗoriya, 22 bisa 7 ke nan da muka haddace a firamare. Kowane zagaye yana ƙara wa faɗin tsawon ido biyu, ɗaya ta kowane gefe, saboda haka kewayen ya ƙaru da tsawon ido shida da ɗan kaɗan. In ta ƙara ƙasa da haka sai bakin ya tattare ya tashi kamar ƙoƙo, kuma da gangan a ke yin haka in hula a ke so: a yi ta ƙari har da'irar ta kai faɗin da ya dace da kai, sa'an nan a daina ƙari, saƙar da kanta ta lanƙwaso. Kan sabon haihuwa ya kan kai santimita 34 ko 35 a kewaye, don haka da'irar ba ta wuce faɗin santimita 10 zuwa 11 ba. In kuwa ƙarin ya yi yawa sai bakin ya yi tattara-tattara kamar ganyen latas. Wannan da matanmu ke ɗauka kuskure, ko su yi shi don ado a bakin riga, shi ne wata malamar lissafi 'yar ƙasar Latbiya, Daina Taimina, ta yi amfani da shi a jami'ar Cornell ta Amurka a 1997, ta saƙa siffar wani irin fili mai lanƙwasa wanda masana suka daɗe suna bayaninsa a allo ba su sami abu mai ƙwari da za su miƙa wa ɗalibi ya riƙe ba. Malamin firamare a Gazara ko Kurmin Kogi da ke fama da yara a kan da'ira, kayan aikinsa na nan rufe da tuwonsa.

Sai maganar zare, kuma a nan ne raina ke ɓaci. Muna ce masa ulu, amma galibin abin da ke kasuwa bai taɓa jikin tunkiya ba. Zaren roba ne da a ke samu daga sinadaran man fetur, wanda aka fara sayarwa a Amurka wajen 1950. Yana da arha, yana da launi, ba ya zuba, asu ba ya cin sa. Amma jikokin masu kaɗi, a ƙasar auduga, ba su da zaren auduga mai kyau da za su saƙa da shi sai wanda ya tsallako teku. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, 'yan'uwanta suka bi ta. Akwai kuma haɗari wanda na ke so ɗaliban kiwon lafiya, musamman na makarantar da ke Makarfi, su riƙa faɗa wa iyaye mata. Hula ga sabon haihuwa a lokacin hunturu abu ne mai amfani, tun ba bakwaini ba, domin jariri na saurin rasa ɗumin jikinsa, kansa kuwa babba ne in an gwada da sauran jiki. Amma zaren roba ba ya shan gumi, in aka naɗe yaro da shi a bazara sai ƙuraje. Mafi muni, in ya haɗu da wuta narkewa ya ke yi ya manne da fata, ɗakin mai jego kuwa a al'adarmu ba ya rabuwa da garwashi. Wannan shi ne saƙa da mugun zare ba da niyya ba.

Yanzu ga ma'aikatan hukuma. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta buga wata maƙala a 1969 a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa, watau saye da sayarwar da mata ke yi daga gida zuwa gida ta hannun yara da dillalai, wanda mai ƙidayar gwamnati ba ya gani. Saƙar kwarashi tana cikin wannan kasuwa, kuma rauninta yana wajen sa kuɗi. Ka tambayi mai saƙa yadda ta yanke wa kayan jariri kuɗi, sai ta lissafa maka kuɗin zare, ta ɗora ɗan abin da ta kira riba. Kwana huɗu ko biyar da ta yi tana zaune ba ya cikin lissafi, domin a ganinta da ma zaune ta ke. Mijinta kuwa, in ya ɗauki ɗan ƙwadago saran rake, ko mai juya mazarƙwaila, ya san kuɗin yini har da na abinci. Ga kuma gwanjo da kayan Sin da ke karya mata kasuwa a kan rigar sanyi, inda ba yadda za a yi hannu ya tsere wa inji. Ribarta tana ga abin da inji ba ya yi, ko wanda a ke so daidai jikin mutum, ko mai suna da launin da amarya ta zaɓa. Wannan ɗan lissafi, a raba kuɗin zare dabam, na kwanaki dabam, ya fi mata amfani bisa sabon salo goma.

Tun daga shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, ba a rasa cibiyoyin koyon sana'a ba, kuma ba na musun an amfana. Amma na taɓa halartar wani bikin yaye ɗalibai, ba zan faɗi ko na wane ofishi ba ne, inda aka ɗauko malama daga birni ta yi wata uku tana koya wa mata jan sarƙa, alhali a cikin ɗalibanta akwai waɗanda suka fi ta hannu nesa ba kusa ba. Sun zauna ne suna jiran injin saƙa da aka yi alkawari. Aka raba injuna, aka ɗauki hoto. Da na koma bayan shekara, yawancinsu suna ƙarƙashin gado, allura ta karye, ba mai gyara sai an je Kano, matan kuwa sun koma kwarashinsu. Da an fara tambaya a unguwa wace ce gwana, an biya ta ta koyar a zauren gidansu, an kuma haɗa matan su sayi zare a sari maimakon dunƙule ɗai-ɗai, da kuɗin ya fi nisa.

Saura abu ɗaya wanda ya rataya a wuyanmu mu na jami'a. A shekarun 1970 David Heathcote, yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi maɗinka riga da hula ya tattara zane-zanensu da sunayensu, har aka yi nunin fasahar Hausa a Landan a 1976. Saƙar kwarashi tana bukatar irin wannan aiki, da Hausa. Yarinyar da ta nemi bayani a rubuce yau sai ta ci karo da Turanci, Turancin ma iri biyu masu rikita juna, domin idon da Amurkawa ke kira mai ɗaya shi mutanen Ingila ke kira mai biyu. Ta bi littafin wannan da ƙirgar wancan, hular jariri ta fito ta babban mutum. Ɗalibin Hausa da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ko ɗalibar da za ta iya shiga inda namiji ba ya shiga, ta ɗauki littafi ta bi gidajen Makarfi da Hunkuyi da Ikara, ta rubuta sunan da kowace gwana ke kiran kowane ido da kowane salo, da ƙirgarsa, ta fara da tsofaffin da suka riƙe mazari kafin su riƙe kwarashi, don su ne za su iya gaya mata kalmomin da suka ƙaura daga waccan sana'a zuwa wannan.

Shugaba, nan zan dakata. Ga kwarashi uku da zare a kan tebur, wanda ke so ya gwada jan sarƙa kafin a shiga tambayoyi, bismilla, har da maza.